Matoshin Kunne Shi Ne Rabin Na'urar Ji

Sau da yawa iyaye kan sayi na'urar ƙara ji da tsada, amma yaro ya ƙi sa ta domin tana yi masa fito a kunne. Galibi laifin na matoshin ne, wanda sai an ɗauki zubin kunne kafin a ƙera shi. Mai kurumta mai tsanani, matoshin da ya cike kunne ya fi dacewa da shi, don kada sauti ya zurare. Mai ɗan rauni kuwa akan bar masa kafar iska, kada ya riƙa jin muryarsa kamar daga cikin randa. Yara na silikon mai taushi ake yi musu, kuma tilas a riƙa sabunta shi domin kunnensu na girma.