Ƙugiyar Ɗaga Kaya: Darasin Hatsarin Makka na 2015

Ranar Juma'a 11 ga watan Satumba na shekara ta 2015, saura kwana 12 a yi hawan Arfa, hadari ya taso a birnin Makka da iska mai ƙarfi da ruwan sama. Da yamma, kafin sallar magariba, wata babbar ƙugiyar ɗaga kaya, daga cikin waɗanda ake aikin faɗaɗa Masallacin Harami da su, ta kife, dogon hannunta ya fasa rufin masallaci, ya faɗa kan jama'a. Mutum 111 suka rasu, 394 suka ji rauni.

Wannan ƙugiya ba tsohuwar tarkace ba ce. Ƙirar kamfanin Liebherr ce na ƙasar Jamus, an ƙera ta domin ɗaukar nauyin da ya kai tan 1,350. Kwamitin binciken da hukumar Saudiyya ta kafa ya gano cewa an bar hannunta a miƙe sama, alhali ƙa'idar maƙeranta ta ce a kwantar da shi in ba a aiki ko in ana tsoron iska. Sarki Salman ya dakatar da ba kamfanin Binladin, mai aikin ginin, sabbin kwangiloli, ya kuma ba da umarnin biyan riyal miliyan 1 ga iyalin kowane mamaci. A shekara ta 2023 kotu ta ci kamfanin tarar riyal miliyan 20 saboda sakaci.

Darasin a fili yake: ƙarfin injin yana da iyaka, kuma iyakar a rubuce take. Kowace ƙugiya tana zuwa da takardar da ke nuna nauyin da za ta iya ɗauka. Duk lokacin da kaya suka ƙara nisa daga gindinta, nauyin da take iyawa yana raguwa, kamar yadda guga cike da ruwa ke ƙara wa mutum nauyi in ya miƙe hannunsa. Iska kuwa tana tura dogon hannun ko da babu kaya a rataye. Haka nan ƙasa mai laushi, ko wadda ruwan damina ya jiƙa, tana iya nutsewa ƙarƙashin ƙafar injin.

Kayan ɗauri ma suna da nasu aibi. Igiyar waya wadda zarenta ya fara tsinkewa, ko ta yi tsatsa, ko ta lanƙwashe, ajiye ta ake yi. Sarƙar da ta miƙe ko ta tsage ba a ɗaure ta da waya a ci gaba da aiki. Bakin ƙugiya da ya buɗe, ko marfinsa ya karye, yana iya sakin kaya. In an rataya kaya da igiya biyu, gwargwadon buɗewar tsakaninsu, gwargwadon nauyin da kowace ke sha. In kusurwar ta kai digiri 120, kowace igiya tana ɗauke da nauyi daidai da na kayan baki ɗaya.

Saboda haka ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, cikin yarjejeniyarta mai lamba 167 ta shekarar 1988, ta tanadi cewa gwani ya riƙa duba injunan ɗaga kaya yana gwada su, kuma wanda ya samu horo shi kaɗai zai tuƙa su.

Gine-gine masu benaye suna ƙaruwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Ya wajaba ƴan kwangila su riƙe littafin duba injin, masu binciken aiki na gwamnati su nemi ganinsa, a kuma killace wurin aiki domin kada ma'aikaci ko mai wucewa ya bi ƙarƙashin kayan da ke rataye. In iska ta taso, a sauke kaya, a tsai da aiki. Aikin da aka jinkirta ana ƙarasa shi gobe, amma rai ba ya da sauyi.