Karatun Shari'a: Hanyar Da Ɗaliban Magarya Da Dungas Ke Bi

Duk ɗalibin da ya ci jarrabawar Bak a gundumomin Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, in yana sha'awar karatun shari'a, to sai ya yi shirin tafiya mai nisa. Jami'o'in gwamnati da suka yi suna a wannan fanni su ne Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, mai tazarar kilomita kusan 900 daga Damagaram, da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Idan ba a manta ba, a shekarar 2010 aka kafa jami'o'in Tawa da Maraɗi da Damagaram, inda aka bai wa Tawa tsangayar shari'a da tattalin arziki.

Bak ita ce mabuɗin shiga, amma ƙwarewa a Faransanci ita ke riƙe ɗalibi, domin da shi ake koyarwa. Shekara 3 ake yi a samu digirin farko, a ƙara 2 a samu na biyu. Wanda bai samu tallafin hukumar ANAB ba, nauyin haya da abinci yana kan iyaye, waɗanda galibinsu manoma ne.

Sai dai kammala karatu ba shi ne samun aiki ba. Mai son zama alƙali sai ya ci jarrabawar shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta EFJN. Mai son zama lauya kuwa, bisa dokar ƙungiyar UEMOA ta 2014, sai ya samu digiri na biyu da takardar CAPA, sannan ya yi shekara 3 yana koyon aiki a ofishin wani lauya, kuma akasarin ofisoshin suna Yamai.

Wani hanzari ba gudu ba, masu tunanin tsallakawa Kano ko Katsina saboda kusanci su sani cewa tsarin shari'ar Najeriya ya samo asali ne daga Ingila, na Nijar kuma daga Faransa, don haka takardar can ba ta buɗe ƙofar kotun nan kai tsaye.

Duk da haka akwai buƙata a gida. Rikicin gona da gado da aure ya yi yawa a wannan yanki mai cunkoson jama'a, kuma tun dokar karkara ta 1993 kwamitocin filaye ke buƙatar masana doka masu jin Hausa. Ɗan yankin da ya dawo da ilminsa ba zai rasa masu neman sa ba, ko da samun albashi zai ɗauki lokaci.