Abin da Damina Ta Kasa Cinyewa

A ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, kowa ya san yadda gidan ƙasa yake zama kufai. Idan masu gida suka tashi, aka daina yaɓe, damina ce ke gadon wurin. Ruwan bana ya zaftare gefe, na baɗi ya rusa soro. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar da fili, amma ba kowane abu ne ya tafi ba. Kusurwar katangar da aka shafe da makuba tana nan tsaye, dutsen niƙan da yake binne a tsakar gida kuma ya fito sarari.

Wanda ya fahimci kufai ya fahimci yawancin manyan duwatsun da duniya ke yayi. Mukan ɗauka tsirowa suka yi. Masana ilimin ƙasa kuwa sun nuna cewa da yawansu ƙasar da ke kewaye da su ce ta zaizaye, su suka ƙi tafiya.

Dala da Goron Dutse na birnin Kano su ne kusurwar katangar nan. Samansu akwai marmara, jan dutse mai tama, wadda ta yi musu abin da makuba ke yi wa gini. Ruwa ya kwashe ƙasar da ba ta da wannan rufi, wadda ke ƙarƙashinsa ta tsira. Tamar nan ce ta jawo maƙera gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, kafin a yi ganuwa, kafin zamanin Barbushe da tarihin Kano ya ambata. Ke nan taurin da ya hana dutsen rushewa shi ne kuma ya tara mutanen da suka kafa birni.

Duwatsun Fanisau, a ƙasar Ungoggo, su ne dutsen niƙan. Irinsu sun daskare ne can cikin ƙasa daga narkakken dutse, shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce. Ruwa ya yi ta bin tsagoginsu yana ruɓar da gefe, har aka wayi gari saman ya kwaranye, ƙwarin ya bayyana, wani a ɗore kan wani kamar da hannu aka jera. Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya ga amfanin wurin, ya yi sansani a Fanisau lokacin da yake fama da abokin gabarsa Ɗan Tunku. Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi ta Zamfara duk dangi ɗaya ne da su. Haka Zuma, kusa da Madalla, wanda hotonsa ya hau takardar naira 100 a 1999.

Ko a ƙetare labarin bai sauya ba. Uluru na tsakiyar Ostareliya, wanda ya ɗara filin da ke kewaye da shi da mita 348, yashi ne da ya dunƙule ya zama dutse. Abin da ake gani ma kansa ne kawai, sauran jikin yana binne. Mutanen Anangu, masu wurin na asali, sun daɗe suna roƙon a daina hawansa, kuma a watan Oktoba na 2019 aka hana.

Manomi ya san ƙasar kufai ba asara ba ce, jaki yake ɗora wa ya kai ta gona. Abin da dutse ya zubar ma haka yake. Ya gauraya da rairayin da iska ta kwaso daga arewa a zamanin da, ya zama ƙasar da muke shuka gero da dawa da gyaɗa a kanta, ƙarƙashin ɗorawa da gawo.

Wuri ɗaya ne kwatancen ya rabu. Katanga idan ta zube, maigida zai kwaɓa ƙasa da rani ya tayar da ita. Dutse ba shi da magini sai Mahaliccinsa. Abin da ruwa ya kasa ci a miliyoyin shekaru, nakiyar masu fasa dutse tana gamawa da shi cikin 'yan shekaru, gidaje kuma sun matse Dala har gindi. Tsakuwa dole ce, tunda ana son titi da gada. Amma ya kamata hukuma da masu sarauta su ware duwatsun da ke ɗauke da tarihi, su shata musu iyaka, malamai kuma su riƙa kai ɗalibai su gani da ido. Yaron da aka nuna wa yadda Fanisau ta samu, da wuya ya girma ya sayar da ita tifa-tifa.