Ɗunɗu: Shingen Da Muke Sarewa Da Hannunmu

Masu rake a Makarfi da masu lambun tumatir a Ikara da Kudan sun san abin da ke cin ran manomi da rani: dabbobi su kutsa lambu, rigima ta tashi, wani lokaci har gaban alƙali. Alhali maganin yana tsaye a bakin daji, muna sare shi muna hura wuta.

Ɗunɗu ƙaramin itace ne mai ƙaya. Furensa yana reto, sama ruwan hoda, ƙasa rawaya. Yana son rana sosai, yana jure fari, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Irinsa yana da tauri, don haka a jiƙa shi a ruwan zafi, a shuka a jere da farkon damina.

Sai dai a kula, yana tofowa daga saiwa. A ƙasar Kyuba, inda aka kai shi a ƙarni na 19, ya mamaye gonaki har aka koma yin gawayi da shi, ana sayar wa ƙasashen waje. Saboda haka a tsayar da shi a kan iyaka, a riƙa datse tohonsa duk shekara. Shinge mai rai ya fi shari'a arha.