Ƙurar Hunturu da Kwamfutar Ofis

Yanzu asibitocin ƙauye da makarantu da ƙungiyoyin manoma da yawa suna da kwamfuta irin ta bisa tebur. A cikinta ake ajiye sunayen majinyata da lissafin bashin taki. In ta mutu, ba kuɗin gyara kaɗai za mu yi hasara ba.

Babban abokin gābanta a ƙasarmu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga Hamada, mai yawa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. A cikin akwatin kwamfuta akwai fanka da ke jawo iska domin sanyaya ta, ƙura kuwa tana bin iskar. Tana taruwa a kan wani ƙarfe mai tsage-tsage kamar haƙoran matsefi, wanda ke zaune bisa ƙwaƙwalwar na'urar yana ɗauke mata zafi. In tsagen ya toshe, zafi ba ya fita. Sai fanka ta riƙa kuka, aiki ya yi nauyi, wani lokaci na'urar ta kashe kanta ana tsakiyar rubutu. Da damina ta zo, ƙurar nan takan sha laima ta kawo tsatsa. Saboda haka mu yi shara kafin ruwan fari.

Da farko mu kashe ta, mu zare wayar wuta da dukan sauran wayoyi. Mu danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wuta ta fita. Mu kai akwatin waje cikin inuwa, mu ɗaura ƙyalle a hanci. Mai ciwon fuka ya bar wa wani aikin. Sukuru biyu ne yawanci a baya. In an kwance su, murfin gefe zai zame.

Kafin mu sa hannu ciki, mu taɓa ƙarfen jikin akwatin. Kun san yadda riga ke ƙara tas-tas in an tuɓe ta da hunturu. Wannan 'yar wutar da ke jikinmu ta isa ta lalata ƙananan kayan da ke ciki.

Famfon keke ya isa aikin. Mu hura kaɗan-kaɗan, mu riƙe farfelar fanka da yatsa kada iska ta juya ta da ƙarfi. Inda ƙura ta daskare, mu taɓa ta a hankali da sabon burushin fenti mai laushi. Kada mu hura da baki, gama yawu yana bi. Injin mai faci ma ba mu yarda da shi ba: iskarsa ta cika ƙarfi, takan zo da ruwa da mai. Jiƙaƙƙen tsumma na bayan akwati ne kawai. A duba lungu-lungu, don kyankyaso da gizo-gizo suna son ɗumin wurin.

Abu biyu ba namu ba ne. Ƙaramin akwatin da wayar wuta ke shiga yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. A hura ta ramukansa, kada a buɗe. Ƙarfen nan mai tsage-tsage kuma kada a ɗaga shi, domin akwai wani mai a ƙarƙashinsa wanda sai an sa sabo in an ɗaga.

Bayan an rufe, kwamfuta ta koma bisa tebur, ba ƙasa ba, nesa da taga, da tazarar taƙi ɗaya daga bango. A lulluɓe ta da zane in an tashi aiki, amma sai an kashe ta tukuna.