Kwabo Mai Huji da Sulen 1959: Tarihinsu da Hukuncin Cinikinsu

A gidajen ƙasar Daura da dama, idan aka zo rabon gado, akan tarar da ƙullin tsofaffin sulalla a ƙasan adakar mamaci. Wasu magada kan bai wa yara su yi wasa da su, wasu kuma su sayar wa masu tara kayan tarihi ba tare da sanin sauran 'yan'uwa ba. Duka biyun akwai gyara a ciki.

Ranar 1 ga Yuli, 1959, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa na farko, ana shirin karɓar mulkin kai. Akwai kwabo mai huji, da toro mai hoton auduga, da sisi mai koko, da sule mai ganyen kwakwa, da fataka mai gyaɗa. An ci kasuwa da su har Naira da kwabo suka zo a Janairun 1973. Nijar kuwa, da ta samu 'yanci a 1960, ta ci gaba da kuɗin sefa. Shi ya sa dattijon da ya ci kasuwar Lahadi ta Mai'adua a wancan zamani ya iya lissafin sule, ya kuma iya na dala.

Buga kuɗi alama ce ta tsayuwar daula da ƙafafunta. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutun Larabci zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, mai nauyin kimanin giram 4.25. Da wannan awo malamai suka ƙiyasta nisabin zakkar zinare, dinari 20, da giram 85. Ashe tsabar da wani ya adana tana iya zama hujja a fiƙihu bayan ƙarnoni.

To, mene ne hukuncin cinikinsu? Sulallan 1959 ba zinare ba ne, ba azurfa ba, kuma an daina ciniki da su, saboda haka sun zama haja. Ya halatta a sayar da su kan farashin da aka yi yarjejeniya, kuma babu zakka a kansu sai ga wanda ya mai da su kayan fatauci. Amma sulen Turawa da aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne. Musanya shi da Naira sai hannu da hannu, kuma nauyinsa yana shiga lissafin nisabi.

Haramun ne a sayar da jabu da sunan na asali, ko a ruɗi tsohuwar da ba ta san darajar abin hannunta ba. Wanda ya tsinci ƙulli a kayan mamaci kuwa, amanar magada ce a wuyansa, komai ƙanƙantarta. Ya kai shi gaban masu rabo, su yanke ko a sayar ko a adana wa jikoki.

Allah ya tsare mu daga cin haƙƙin wani.