Me shekarun da ke bayan alamar © suke nufi a manhajar waya?

Duk wanda ya taɓa shiga saitin wayarsa ta Android ya leƙa sashen bayanan doka, zai tarar da dogon jerin layuka masu ɗauke da alamar ©, sai shekara, sai sunan kamfani. Wani layin shekara ɗaya ce tal, wani kuma biyu ne da ɗan kara a tsakani, kamar 2016-2023. Yawancin mutane wucewa kawai suke yi. Amma ga matashin da ya rubuta manhajarsa ta farko yana shirin ɗora ta a Play Store, tambayar ta zama tilas: wace shekara zai sa?

Wannan tsari ya bazu ne ta hanyar yarjejeniyar haƙƙin mallaka ta 1952 wadda UNESCO ta jagoranta. Abu uku ta buƙata: alamar ©, sunan mai haƙƙi, da shekarar da aka fara fitar da aikin. Littafi sau ɗaya ake buga shi a huta, ita kuwa manhaja kullum cikin gyara take. Shi ya sa aka fara rubuta shekaru biyu: ta farko ita ce ta fitowa, ta biyun kuma shekarar ƙarshe da aka yi mata aiki na gaske.

Kuskuren da aka fi yi shi ne goge tsohuwar shekara duk watan Janairu a maye gurbinta da sabuwa. Yin haka yana ɓatar da shekarar da ta fi muhimmanci. A Amurka, misali, haƙƙin aikin kamfani yakan kai shekara 95, kuma daga shekarar fitowa ake fara ƙidaya.

Manyan masu harkar ma ba su bi hanya ɗaya ba. Ƙa'idar GNU ta yarda da rubuta 2016-2023 ne kawai idan an yi aiki a kowace shekara da ke tsakani. Idan an yi tsallake, sai a jera su da waƙafi: 2016, 2019, 2023. Masu kula da yaren Go na Google suna barin shekarar da aka ƙirƙiri fayil yadda take, shi ya sa har yau ake ganin 2009 a tsofaffin fayilolinsu. Shi kuwa Daniel Stenberg, ɗan Suwidin da ya ƙirƙiri curl, cire shekarun ya yi a Janairun 2023, tunda tarihin gyare-gyaren manhajar yana ajiye.

Abin da ya ba shi wannan dama shi ne yarjejeniyar Berne, wadda a ƙarƙashinta mutum ke samun haƙƙi ko bai rubuta sanarwa ba. Amurka ta shige ta a 1989, Najeriya a 1993. Duk da haka sanarwar tana da amfani, domin a kotun Amurka tana hana wanda ya kwafi aiki fakewa da cewa bai sani ba.

Wurin da ba a wasa shi ne sanarwar wasu. Lasisin MIT da na BSD sun ba kowa damar ɗaukar rubutun manhaja kyauta, da sharaɗin a bar layin haƙƙin mallakar yadda aka same shi. Wanda ya goge sunan mai shi ya karya sharaɗin da ya halatta masa amfani da aikin tun farko.